Matar Mai Naɗin Waya

Duk wanda inji ya mutu masa a layin nan, na keken ɗinki ne ko na huda bango ko bilendar uwargida, shago ɗaya za a nuna masa, wanda ke tsakanin mai walda da mai gyaran takalma. In ka leƙa, mace za ka tarar a bakin benci, ta ɗaure ɗankwali tamau, tabarau a ƙarshen hanci, ƙafarsa ɗaya an ɗaure da jar waya. Injiniya ake ce mata. Kada ka ɓata bakinka wajen tambayar ina mai shagon, don amsar ba za ta yi maka daɗi ba.

"Inji ka kawo ko zance?" Haka za ta ce, ta miƙo hannu ba tare da ta ɗago kai ba.

Ba a wannan sana'a ta tashi ba. Wanki da guga take yi a ɗakin wankin wani asibiti, tun tana budurwa har ta haifi 'yarta ɗaya tilo. Mijinta ne mai naɗin waya, wato mai sake naɗe wayar cikin inji in ta ƙone, kuma kowa ya san hannunsa. Mutum ne shiru-shiru, ba ya faɗa, amma in abu ya ci masa rai sai ya haɗiye, ya yi ta tafasa shi kaɗai. Abin da ya ci masa rai kuwa ɓarayi ne. Sau uku suna ɓalle masa ƙofa su kwashe jar waya da injinan mutane, shi kuma ya wayi gari yana ba masu kaya haƙuri kamar shi ya sata. Ya sauya kwaɗo, ya kai ƙara, ya sa mai walda ya ƙara wa ƙofar ƙarfe. Duk a banza. Sai ya yi abin da mai aikin wuta ne kawai zai zo masa a rai: ya ja waya ya jona wa ƙofar lantarki. In ya tashi aiki ya kunna, da sassafe ya shiga ta baya ya kashe. Bai gaya wa kowa ba, har matar da suke kwana ɗaki ɗaya.

Ranar da abin zai faru, gari ya waye da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ya ɗauki lema zai fita, ita kuma ta tare shi a bakin ƙofa da kofin shayi.

"Haba maigida, shagon guduwa zai yi? Zauna ruwan ya tsagaita."

Ya dubi waje, ya zauna.

A daidai lokacin mai sharar layin, dattijon da kullum suke gaisawa har mijin ya kan raba burodinsa da shi, ya gudo ƙarƙashin rumfar shagon don ya fake. Ya dafa ƙofar. Mai walda ne ya same shi, hannunsa a manne da mariƙin ƙarfe, tsintsiyarsa a cikin kwata.

Shari'a ta ja lokaci. Ita dai ta zauna a benci na uku daga farko har ƙarshe, a ɗaya gefen kuma matar marigayin, siririya, ba ta kuka ba ta magana. Wani injiniyan kamfanin wuta ya zo ya yi dogon bayani da zane a allo, ya yi ta maimaita wata kalma, bireka, bireka, yana nuna sama da ƙasa. Ko ɗaya ba ta gane ba. Abin da ta gane shi ne na ƙarshe: kisa ta hanyar rataya. Aka ɗaukaka ƙara, aka sake ɗaukakawa, hukuncin bai motsa ba.

Lauyarsu, wata mata mai yawan tari da ƙarancin murmushi, ita ta zaunar da ita ta gaya mata gaskiya.

"Kotu ta ƙare, baiwar Allah. Saura ƙofa ɗaya. Akwai kwamitin da ke duba masu jiran kisa, yana iya musanya hukuncin."

"Su sake shi ke nan?"

"A'a. Ki saurare ni da kyau, ba yafewa ba ce. Laifin yana nan, sunan mai kisa yana nan. Igiya kawai za a ɗauke a sa ɗauri a madadinta. Kuma layin masu jira dogo ne, sai a yi shekaru ba a zo kansa ba. In an zo, za su so su ji ta bakin iyalan mamacin."

"Amma zai rayu?"

"In sun yarda."

"To shi nake so."

Yayanta ya zo har gida yana faɗa. Ita yarinya ce har yanzu, in ji shi, ta nemi a raba auren ta kama gabanta, mutumin da ya riga ya zama gawa me za ta zauna jira? Ta bar shi ya gama tas, sannan ta ce, "Yaya, ka ci abinci ko in zubo maka?" Bai sake tayar da zancen ba sai bayan shekara.

Ta ajiye aikin asibiti, ta ce a ba ta haƙƙinta a dunƙule. Akawun ya cire tabarau ya gargaɗe ta cewa in ta karɓa gaba ɗaya, to ta yi sallama da fanshon wata-wata har abada, tsufa kuma yana tafe. Ta ce ta ji, tsufan ya zo ya same ta. Da wannan ta biya lauya, ta riƙe hayar shagon, ta sayi waya. Wata safiya ta zo da mabuɗi ta tsaya gaban ƙofar nan. Ta san 'yan sanda sun yanke wayar tun tuni, amma wallahi sai da ta naɗe hannunta da gefen zani kafin ta taɓa.

Mai walda ya ɗaga gilashin fuskarsa ya yi ta kallonta.

"A'a! Yau kuma injiniya muka samu a layi? Me za ki gyara, dutsen guga?"

"Bakinka zan fara da shi," in ji ta.

Sunan ya bi ta daga ranar. Da tsiya aka fara shi.

Ba ta san komai ba, ko bambancin filaya da sukundireba sai da ta tambaya. Makarantarta ɗakin ziyara ne na gidan yari: benci, raga mai ƙananan idanu, gandiroba a tsaye yana duba agogo. A ziyarar farko bayan hukunci mijin ko kallonta bai yi ba. Ya rame, ya bar gemu, ya ce ta daina wahalar da kanta, shi ya riga ya sallama. Ranta ya ɓaci ƙwarai, ta ji kamar ta fasa ihu. Amma sai ta matso da bakinta jikin ragar.

"An kawo injin huda bango. Yana juyawa, amma wuta yake tofarwa ta gefe, yana wari. Mene ne?"

Ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Tartsatsin fari ne ko shuɗi?"

"Ban lura ba."

"To me kika je yi? Ki koma ki lura."

A hanyar gida ta yi ta kuka a cikin bas, na farin ciki, don rabonta da jin faɗansa tun kafin a kama shi.

Haka suka yi ta yi. Sauran mata suna zuwa da labarin yara da na dangi, ita tana zuwa da ciwon inji. Ya koya mata ta buɗe, ta zaro amaca, wato ƙarfen tsakiya mai juyawa da aka naɗe da waya. Ya ce ta duba ƙarshensa, za ta ga zobe na jan ƙarfe an yanka shi gunduwa-gunduwa, gawayi biyu suna gogarsa hagu da dama. Komiteta sunansa. Yana zana mata shi da yatsa a tafin hannunsa, yana juya hannun.

"Wutar in ta bi hanya ɗaya kawai, amaca rabin juyi zai yi ya tsaya cik. Zoben nan shi ke juya mata hanya daidai lokacin da zai tsaya, sai ya ci gaba. Duk injin da ya zo miki yana tartsatsi, can za ki fara dubawa."

Ya hana ta goge shi da takardar goge ƙarfe, ya ce ƙurarta tana ɗaukar wuta, ta nemi farar sanfefa mai laushi. Ya ce ta sa mai walda ya wasa mata karyayyen bakin zarto, ta riƙa sharce tsakanin gunduwoyin a hankali har ramin ya fito fes. Ta ƙona injin wani tela ƙurmus a watan farko, tela ya tara mata jama'a, ta tsaya ta sha zagin, ta kwana uku tana warware naɗin tana sakewa har ya tashi. Yatsunta da ruwan sabulu ya saba jiƙawa suka yi kanta, dalma ta ƙona su, ƙarƙashin farce ya yi baƙi ya ƙi fita. 'Yarta ta ce, "Mama, hannunki ya koma na Baba." Ta ce, "Madalla."

Daga baya ta wuce tambaya. Amma ba ta daina kai masa ba. Injin da ta gyara tun makon jiya, mai shi ya karɓa ya tafi, sai ta je ta zayyana masa ciwon kamar ya gagare ta, ta bar shi da abin tunani har ziyara ta gaba. Ko ya gane, bai taɓa nunawa ba.

Akwai abu ɗaya da ba ta taɓa kai masa ba. Hukumar shara ta ba matar marigayin gurbin mijinta, layin nan dai. Kullum da safe sai ta faro daga bakin titi tana shara, ta share gaban mai gyaran takalma, ta ɗaga tsintsiya ta wuce gaban shagon naɗi, ta sauke a gaban mai walda. Kullum kuma Injiniya tana tsaye da tata tsintsiyar.

"Ina kwana, Yaya."

Ko tari. Shekara ta zagayo, wata ta zagayo, gaisuwa ɗaya ba ta samu amsa ba, ita kuma ba ta fasa ba. Yayanta, da ya ga ba za ta bar auren ba, sai ya ce to bari ya taimaka, ya tara dattawa suka je gidan matar da kalamai masu daɗi. Ƙaddara ce, tsautsayi ne, mutumin tsorata ɓarayi kawai ya so yi. Matar ta saurare su har suka gama, ta tashi ta ɗage labule ta riƙe musu. Ita ma Injiniya abin da take gaya wa kowa ke nan, tsoratarwa kawai ya so yi, kuma har zuciyarta ta yarda da haka.

Sai ranar da ta tashi ƙara soket a bayan benci. Ta kashe wuta, ta buɗe akwatin da ke bango, wanda tun zuwanta ba ta taɓa kwance murfinsa ba. Ga bireka nan, yanzu ta san ta sarai: ita ce mai katse wuta nan take in ta fara bin jikin mutum ko jiƙaƙƙen ƙarfe. Duk wayoyin shagon daga ƙasanta suka fita, kamar yadda ya kamata. Amma a sama, inda wuta ke shigowa daga mita kafin ta iso bireka, ga guntun waya ja an ɗaure, an yanke shi da almakashi. Ɗaurin mijinta ne, ko cikin duhu ta san yadda yake murɗa bakin waya. A ƙasa kuma ga gurbin da aka fara ɗaura ta aka kwance.

Ta zauna a ƙasa daɓas. Bayanin injiniyan kotu, sama da ƙasa, sama da ƙasa, sai yau ya iso kunnenta.

Ranar ziyara ba ta kawo ciwon inji ba.

"Na buɗe akwatin bango."

Ya dube ta, ya sunkuyar da kai.

"Da farko a ƙasa ka ɗaura. Me ya sa ka mayar sama?"

"In an yi ruwa ƙofar ta jiƙe, sai bireka ta faɗi. In zo da safe in tarar babu wuta a jiki."

"Sai ka kewaye ta."

"Na kewaye ta."

"Ka san abin da hakan ke nufi? Kai da ka koya mini kada in taɓa inji da jiƙaƙƙen hannu?"

"Na sani. Na ce ɓarawo ne zai taɓa. A lokacin ban damu ba ko ya saki ko bai saki ba."

Ta ji ta tsane shi. Ba kwana-kwana, tsana ce sosai, irin wadda ba ta taɓa yi wa kowa ba. Shekaru tana yawo da ƙaryarsa a baki tana rantsuwa a kai. Ta tashi tun gandiroba bai ce lokaci ya yi ba, ta fita. Ziyara biyu ba ta je ba. A ta uku ta shirya, ta sa sabulu da man shafawa a jaka kamar kullum. 'Yarta ta ce ta zaci an gama. Ta ce, "Abin da ya yi, ya yi. Ni dai ban yarda a rataye ubanki ba, kuma ban fasa ba."

Ana haka lauya ta aiko: an zo kansa. Kwamiti zai zauna ƙarshen wata, an kuma aika wa matar marigayin ta zo ta faɗi ra'ayinta. In ta ce a zartar, da wuya su saɓa mata. Lauyar ta ja kunnenta, ta ce in Allah Ya sa matar ta kula ta, to ta lallaɓa, ta tausasa, kada ta kuskura ta tono abin da zai ƙara mata zafi.

Kwana kaɗan kafin zaman, tsintsiyar ta tsaya a gaban shagon. Injiniya tana sharce wani komiteta, ta ji shirun ta ɗago.

"Ina kwana, Yaya."

"An ce yanzu kin san aikin."

Muryar ta ba ta mamaki, ƙarama ce, a shaƙe. Ta ajiye bakin zarton ta jawo kujera. Matar ba ta zauna ba, ba ta kuma tako rumfar ba, daga bakin kwata ta tsaya.

"Kowa ya zo sai ya ce mini ƙaddara. Na san ƙaddara, ba sai an koya mini ba. A kotu kuma sun yi ta turancinsu. Abu ɗaya nake so in sani, ba wanda ya gaya mini. Mutum in ya taɓa abu mai zafi, ai janye hannu yake. Me ya sa bai saki ba?"

"Ba ya iyawa, Yaya. Wutar in ta shiga hannu, ita ke damƙe yatsun. Ko ƙato ne ba zai iya buɗewa ba."

"Ya san abin da ke faruwa da shi?"

"Na ɗan lokaci. Ya sani."

Matar ta gyaɗa kai a hankali, kamar an tabbatar mata da abin da ta daɗe tana zato.

"A gidan da nake haya, yaro ya taɓa tsirarar waya, wutar gidan duka ta ɗauke, ko ƙwarzane bai yi ba. Nan babu irin wannan abin ne?"

To, ga inda ake yin ta. Mai walda ya kashe injinsa, yana daga gefe yana girgiza mata kai. Kalma ɗaya ce, babu, kuma matar ba ta da yadda za ta gane. Injiniya ta ga igiya ƙiri-ƙiri a idonta. Tsoro ya kama ta irin wanda bai kama ta ba ko ranar hukunci. Amma ta dubi matar nan da aka yi shekaru ana shafa mata mai a baki, ta ji ba za ta iya zama ta ƙarshe a layin masu yi mata haka ba.

"Akwai. Zo ki gani."

Matar ta jingine tsintsiya ta shigo, tana kaffa-kaffa da ƙofar kada ko gefen mayafinta ya taɓa. Injiniya ta kwance murfin akwatin ta nuna mata da bakin sukundireba.

"Wannan ita ce mai katsewa. Da ta nan ƙasa wayar ta bi, da mijinki ya ji girgiza kawai ya yi tsaki ya tafi. Da farko nan ya sa. Ya ga tana katsewa, sai ya cire ya mayar nan sama, inda ba abin da zai katse ta. Da saninsa ya yi. Ba mijinki ya nufa ba, amma ya nufi duk wanda ya taɓa kada ya saki. Ni ma na yi ta cewa tsoratarwa ce. Ba tsoratarwa ba ce."

Matar ta daɗe tana kallon guntun jar wayar.

"Kin san inda za ni ƙarshen wata?"

"Na sani."

"Kuma kika nuna mini wannan?"

"Tambayata kika yi, Yaya. Ina so ya rayu, ba zan ɓoye miki ba, ba abin da nake so a duniya kamar haka. Amma ba zan saye shi da yi miki ƙarya a kan mijinki ba."

Matar ta juya. Ta fita ta ɗauki tsintsiyarta ta wuce. Mai walda ya shigo yana tafa hannu. "Ke kam kin kashe shi! Wallahi da hannunki kin kashe shi!" Injiniya ta ce ya fita mata daga shago. Da ya fita ta ɗauki bakin zarton za ta ci gaba, sai ta ajiye shi ta kifa kai a benci.

Ranar zaman ba a bar ta ta shiga ba. A baranda ta zauna, kan wani benci mai ƙafa uku da bulo, tana kallon ƙofa. Matar marigayin ta zo cikin wankakken mayafi, ta wuce ta gabanta ba ta dube ta ba. Ba ta daɗe a ciki ba ta fito, ta sake wucewa. Sai can lauya ta fito tana tari, ta zauna kusa da ita.

"Me kika gaya wa matar nan?"

"Gaskiya."

"Ai kuwa ta juye musu ita tas. Ta ce da gangan ya yi, an nuna mata da ido. Ta ce ba ta yafe ba, ba kuma za ta yafe ba, kada wanda ya rubuta cewa ta yafe." Lauyar ta tsaya ta yi tari. "Shugaban ya ce to a zartar ke nan? Ta ce a'a. Ta ce mijinta bai samu wanda zai katse masa ba, ita kuwa ga shi an sa abin a hannunta, ba za ta tsaya tana kallo ba. Amma kada ya fito. Ta maimaita, kada ya fito."

Bayan 'yan makonni takarda ta fito. An musanya kisa da ɗaurin rai da rai, babu sakin wuri.

Ta je ziyara. An riga an mayar da shi babban sashe, an sauya masa kaya, an yi masa aski. Sai a ranar ta lura gashin duk ya yi fari. Ya zauna a bayan ragar.

"An karanta mini," ya ce. "Kin gane abin da ke ciki kuwa? Ba zan fito ba. Ba zan ga auren yarinyar nan ba. In kin mutu ba zan bi gawarki ba. A nan zan tsufa, ke kuma ki tsufa a bas kina zuwa." Ya ɗago, idonsa ya cika. "Kin ba da aikinki, kin ba da ƙuruciyarki. Wannan ne abin da kika yi ta nema duk shekarun nan?"

Ta dube shi da kyau, mutumin da ta tsana kuma ta ƙi bari, ta ji hawaye na zubo mata ba ta share ba.

"Shi ne," ta ce. "Wata mai zuwa in na zo, zan same ka."